Karkacewar kan zomo: abin da ke jawo ta da yadda ake jinyarta a gida

Zomon da ya kwana lafiya kan iya wayar gari kansa a karkace, kunne ɗaya yana kallon ƙasa, ɗayan yana kallon sama. Idan ya yunƙura zai yi tafiya sai ya riƙa kewaya wuri guda, ko ya faɗi ya yi ta birgima har sai ya daki bango. Wanda ya matso kusa zai ga ƙwayar idonsa tana kai da komowa da sauri ba da son ransa ba. Abin ba kyan gani, shi ya sa da yawa daga masu zomo ke yanke hukuncin cewa wuyansa ne ya karye ko farfaɗiya ce ta kama shi, sai a ɗauko wuƙa, ko a ajiye shi a lungu ana jiran ajalinsa. Wannan gaggawa ce. Zomaye da yawa suna tashi daga wannan ciwo, amma yunwa, ƙishirwa da maganin da bai dace ba na iya kashe su kafin ita cutar ta yi.

Matsalar ba a wuya take ba. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda sama take da inda ƙasa take. Idan wannan sashe ya kumbura, ko ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙonsa ya taɓu, sai dabba ta ji duniya tana juya mata, irin abin da yaro ke ji bayan wasan hajijiya, sai dai nata ba ya wucewa cikin minti ɗaya. Karkatar da kai da birgimar duk ƙoƙari ne na neman ƙasar da ta ƙi tsayawa wuri guda.

Manyan dalilai biyu

Na farko shi ne ciwon can cikin kunne. Ƙwayar bakteriyar da aka fi kamawa da laifi ita ce Pasteurella multocida, wadda kuma ita ce ke haddasa murar zomaye mai atishawa da farar majina. Daga hanci takan bi wata siririyar hanya ta hau kunnen tsakiya, ta tara mugunya, daga nan ta shiga ciki. Mugunyar zomo ba ruwa-ruwa take ba, kauri gare ta kamar man goge baki, ba ta tsiyayewa da kanta, kuma magani ba ya ratsa ta da sauƙi. Shi ya sa jinyar kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye. Alamun da ke nuni ga kunne sun haɗa da tsohuwar mura, kumburi a gindin kunne, da shanyewar gefen fuska har ido ɗaya ya kasa ƙiftawa. A irin wannan yanayi kan yana karkata ne zuwa gefen kunnen da ke ciwo. Zomaye masu kunnuwa a kwance sun fi masu kunnuwa a tsaye kamuwa, saboda ramin kunnensu a lanƙwashe yake.

Na biyu wata ƙwayar cuta ce da ba a gani sai da madubin likita, Encephalitozoon cuniculi, wadda aka fara bayyanawa a jikin zomaye a 1922. Ta hanyar fitsari take yaɗuwa: zomo mai ɗauke da ita ya yi fitsari a kan ciyawa ko cikin mazubin ruwa, wani ya ci ko ya sha. Uwa ma tana iya sa wa 'ya'yanta tun suna ciki. Ƙwayar tana zama a ƙwaƙwalwa, ƙoda da ido, kuma tana iya yin shekaru ba ta nuna komai ba, sai ranar da jiki ya yi rauni saboda tsufa, doguwar tafiya, haihuwa ko tsananin zafi. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2006 ya sami alamarta a jinin kashi 52 cikin ɗari na zomaye 97 masu koshin lafiya. Wani da aka buga a 2008 kan zomayen Najeriya ya same ta a kusan ɗaya cikin shida. Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma shi ne gwajin jini kaɗai ba ya tabbatar da cewa ita ce ta karkatar da kan, yana nuna kawai zomon ya taɓa haɗuwa da ita. Raunin ƙafafun baya, yawan shan ruwa da fitsari, ko farin tabo a cikin ido su ne ke ƙara ƙarfin zargi a kanta.

Akwai wasu dalilan da ba su kai waɗannan yawa ba: faɗowa daga hannu ko daga saman keji, bugun zafi, guba, ƙari a ƙwaƙwalwa, da ƙwarin kunne masu tara ɓawo, waɗanda idan aka ƙyale su sukan buɗe wa bakteriya ƙofa.

Wurin likita, da haɗarin kemis

Zomon da kansa ya karkace yana bukatar likitan dabbobi a ranar, ba bayan an ga yadda zai kwana ba. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, ban da asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi da masu zaman kansu. A sa shi cikin ƙaramin kwali, a tokare shi da tawul ta kowane gefe don kada ya yi ta birgima a hanya. Da yake rarrabe dalilan biyu na da wuya ko da an ɗauki hoto, likitoci da yawa kan yaƙe su a lokaci ɗaya. Ga Encephalitozoon ana ba da fenbendazole, miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin zomo, kullum har kwana 28. Ga ciwon kunne ana ba da maganin bakteriya irin su enrofloxacin, sannan a haɗa da meloxicam don rage zafi da kumburi. Idan ƙwarin kunne ne, ivermectin na kashe su. Duk waɗannan da awo ake ba da su, saboda haka sai an ɗora zomon a sikeli. Kintace ba ya aiki ga dabbar da nauyinta bai wuce kilo biyu ko uku ba.

A nan ne ɗabi'armu ta zuwa kemis a sayo kafso take yin kisa. Cikin zomo ya dogara ne da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narka masa ciyawa. Idan aka ɗura masa amoxicillin, ampicillin, Ampiclox, lincomycin, clindamycin ko erythromycin ta baki, waɗannan ƙwayoyin sukan mutu, masu guba su mamaye hanji, zomon ya yi gudawa ya mutu cikin 'yan kwanaki. Maganin da ya warkar da yaro ko kaza na iya zama ajalin zomo. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fipronil, wanda ake sayarwa da sunan Frontline, guba ne gare shi. Allurar dexamethasone da ake yawan yi wa dabbobi tana raunana garkuwar zomo sosai, kuma likitoci sun yi saɓani kan amfaninta a wannan ciwo, don haka ba abin da mai gida zai yanke wa kansa ba ne. Kada kuma a ɗiga manja, baƙin mai ko maganin ɗigon kunne na mutane kafin likita ya leƙa, domin idan dodon kunnen ya fashe abin da aka zuba zai gangara ciki ya ƙara ɓarna.

Ci da sha

Wannan shi ne ƙashin bayan jinyar. Hanjin zomo an yi shi ne don ya riƙa aiki dare da rana, kuma idan ya yi awa 12 bai ci komai ba ko bai yi kashi ba, hanjin ya fara tsayawa ke nan, iska ta taru, hanta ta fara lalacewa. Mai jin jiri kuwa ba ya sha'awar abinci, ko yana so ma ba ya iya saita bakinsa kan akushi. Saboda haka abinci ne zai je wurinsa. A ajiye harawa mai kyau dab da bakinsa, a miƙa masa ɗanyen ganye da hannu: ganyen karas, ganyen dankalin Hausa, zogale kaɗan, duk a wanke a bar su da danshi don ya samu ruwa a ciki. Zomaye da yawa da suka ƙi cin abin da ke ƙasa sukan karɓa idan aka sa musu a baki.

Idan ya ƙi, sai ɗura. A jiƙa dunƙulallen abincin zomo na buhu a ruwan ɗumi har ya narke, a dama shi ya yi kaurin kunu, a zuƙa a sirinji marar allura. A naɗe zomon da tawul, ƙafafunsa huɗu a ƙasa, a zura bakin sirinjin ta gefen baki bayan haƙoran gaba, a matsa kamar mililita ɗaya, a jira ya tauna ya haɗiye. Kada a taɓa kwantar da shi rigingine, abincin zai bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ana ba da kimanin mililita 10 a kan kowane kilo a zama ɗaya, sau uku zuwa huɗu a yini, ko yadda likita ya tsara. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke fita da safe ya dawo da dare dole ya koya wa wani a gida, domin ɗurar safe da ta dare kaɗai ba sa isa a makon farko. Ruwa kuma a zuba a faranti marar zurfi mai nauyi wanda ba zai kife ba, kuma ba zai nutsar da hancinsa ba idan ya faɗa ciki.

Akwai wani abu da sababbin masu zomo ba su cika sani ba. Zomo na yin kashi iri biyu: busasshe mai kama da ƙwallaye, da wani mai laushi mai sheƙi a cure, wanda yake cinyewa kai tsaye daga duburarsa, yawanci da dare ko da asuba. Wannan ba ƙazanta ba ce, daga nan yake samun furotin da bitamin B da K. Mai karkataccen kai ba ya iya lanƙwasawa ya kai can. Idan an ga irin wannan kashin a shimfiɗa, a ɗauka a ajiye masa kusa da baki. Wanda ya manne a gashi kuma a goge shi da tsumma mai ɗumi a busar, domin ƙuda na yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, kuma a lokacin zafi ƙwan kan zama tsutsa cikin kwana ɗaya.

Makwanci

A kwanakin birgima, ƙaramin wuri ya fi babba. Kwali mai ƙarfi ko kwandon wanki ya wadatar, a shimfiɗa tsohon bargo, a nannaɗe tawul a jera a gefuna yadda duk inda ya jingina zai sami abin tokara. Keji mai ƙasan waya bai dace ba, ƙafa na iya maƙalewa ta karye yayin birgima. Tayil ma santsi gare shi, sai an shimfiɗa tabarma ko darduma. A rage ɗaukarsa iya yiwuwa: da zarar ƙafafunsa sun bar ƙasa jirin yake tashi. Idan ɗauka ta zama dole, a manna shi da ƙirji, a tallafe kai da ƙugu. Yara masu son rungumarsa su haƙura da shafa shi a inda yake kwance.

Kada a bar shi cikin duhu ƙirin. Tun da kunnen ya daina gaya masa gaskiya, da ido yake gane inda ƙasa take, shi ya sa wasu zomayen ke fin birgima da dare. Ƙaramar fitila mai caji ta isa, musamman a inda wuta ba ta da tabbas. Zafi ma abin lura ne. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwa yake fitar da zafin jiki, kuma yana fara wahala da zarar yanayi ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyos. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano, Sakkwato da Maiduguri ke haura 40, marar lafiyar da ba ya iya jan jiki zuwa inuwa yana cikin haɗari. A shigar da shi ɗaki mai iska, a ajiye gorar ruwa mai ƙanƙara naɗe da tsumma a gefensa.

Idon da ke ƙasa yana gogar shimfiɗa, yana iya bushewa ko ya yi gyambo. A duba shi safe da yamma, a sa man ido ko ɗigon da likita ya rubuta. Idan ya yi ja, ya yi fari ko ya rufe, a koma asibiti.

Abin da za a sa rai

Kwanakin farko su ne mafi muni, kuma ciwon kan ƙara tsananta kafin ya lafa. Rawar ido ce ke fara tsayawa, sannan birgima ta ragu, karkacewar kan ita ce ta ƙarshe, tana iya ɗaukar watanni. Da zarar ya iya tsayawa da ƙafafunsa a faɗaɗa masa wuri, a bar shi ya yi tafiya a kan shimfiɗa marar santsi, domin da motsi ƙwaƙwalwa ke koyon sabon daidaito. Wasu kan miƙe sarai. Wasu kan rayu da kai a karkace har ƙarshen rayuwarsu, suna ci, suna gudu, suna wasa. Ma'aunin samun sauƙi shi ne cin abinci da lasar jiki, ba miƙewar wuya ba. Kada a yanke magani don an ga sauƙi, ciwon kunne na dawowa.

Akwai kuma inda jinya ba ta kai ba. Zomon da ya shafe makonni yana birgima ba hutu, ya ƙi haɗiye ko da ɗura, ko ƙodarsa ta gaza, ci gaba da riƙe shi azabtarwa ce, kuma ya kamata a yi maganar da likita ba kunya. Wanda ya yi niyyar yankawa don ci ya tambayi kwanakin da magani ke ɗauka kafin ya fita daga nama.

Ƙwayar Encephalitozoon tana iya rayuwa kusan wata guda a wajen jiki, saboda haka a wanke keji, akushi da mazubin ruwa da ruwan Hypo ko Jik da aka sirka, a ɗauraye, a shanya a rana. Idan zomaye biyu ne da suka shaƙu, raba su kan ƙara wa marar lafiyar damuwa, kuma abokin ya riga ya haɗu da ƙwayar, don haka likita kan ba su magani tare. Mai lafiyayyen jiki ba shi da abin tsoro in dai yana wanke hannu, amma masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ɗauke da cutar ƙanjamau, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda da masu shan maganin daji, su bar wa wani aikin kwashe fitsari da shimfiɗa. Zomon da kansa ya zauna a karkace kuma zai buƙaci a riƙa duba masa kunnen da ke ƙasa ana goge bakinsa duk mako, tun da ƙafarsa ba ta iya kaiwa can ta sosa.