Reshe Ya Juye da Mujiya: Tarihin Hayaniyar Na'urar Wuta Mai Kunna-kashe a Ɗakin Masu Rediyon Sha'awa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wata matsala wadda ta addabi masu rediyon sha'awa, watau mutanen nan da hukuma kan ba lasisi su kafa 'yar tashar rediyo a gida don su zanta da takwarorinsu na nesa, ba don neman kuɗi ba. A Nijeriya alamar kiransu takan fara da 5N, a Nijar kuwa da 5U. Matsalar ita ce hayaniyar da na'urorin ba da wuta na zamani ke zubawa a gajeren zango, har ta binne muryoyin da ake ƙoƙarin ji. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan hayaniya ba hatsari ba ce da ya auku rana ɗaya. Ciniki ne aka ƙulla a hankali, aka sayar da shiru aka sayi sauƙin nauyi da tsimin wuta, kuma wanda ya fi kowa biyan kuɗin ba ya wurin sa'ad da ake cinikin.

2.0 Zamanin da mai sha'awa shi ne mai laifi

Ya kamata mu fara da faɗin gaskiya: rediyo da hayaniya ta fara. Na'urar da Marconi ya aika da saƙo da ita daga Poldhu ta Ingila zuwa Newfoundland a watan Disamba na 1901 tartsatsin lantarki take yi, shi kuwa tartsatsi ba ya tsayawa a zango ɗaya, fantsama yake ko'ina. Samarin Amurka da suka kwaikwayi wannan na'ura a gidajen iyayensu sai suka riƙa toshe saƙonnin jiragen ruwa da na sojan ruwa. Bayan nutsewar jirgin Titanic a watan Afrilu na 1912, majalisar Amurka ta kafa dokar rediyo a wannan shekara, ta wajabta lasisi, ta kuma kora masu sha'awa zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, wurin da masanan lokacin suka ɗauka kufai ne.

Ashe kufan nan shi ne dausayi. A watan Nuwamba na 1923 Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka a kan mita ɗari da 'yan kai, da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na manyan tashoshi. Taron ƙasashen duniya da aka yi a Washington a 1927 ya keɓe musu zanguna na kansu, irin su mita 160 da 80 da 40 da 20, ya kuma kama hanyar kawar da na'urar tartsatsi.

Duk da haka zargi bai bar su ba. Da talabijin ta shiga gidaje a shekarun 1950, sai maƙwabta suka tashi musu. Dalilin kuwa lissafi ne: duk na'urar watsawa, ban da kaɗawar da aka nufa, takan fitar da ninkinta biyu da uku da sauransu. A Landan mai watsawa a kan megahaz 14 ninkinsa na uku yana faɗawa a 42, cikin zangon talabijin na BBC. A Amurka ninkin 28 na biyu shi ne 56, tsakiyar tasha ta 2. Aka tilasta wa masu sha'awa su rufe na'urorinsu cikin akwatin ƙarfe, su sa matata a bakin eriya, wasu ma aka hana su watsawa da maraice. Suka koyi darasin, suka ƙware a kansa. Mu riƙe wannan batu na ninki, domin shi ne zai dawo ya ci su.

3.0 Yadda na'urar wuta ta sake kama

Akwatin rediyon mai sha'awa na yau, mai ƙarfin wat 100, yana buƙatar bolt 13.8 da amfiya wajen 20 na wuta mai gudu hanya ɗaya, irin ta batir. Wutar gida kuwa bolt 230 ce a ƙasashenmu, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Tsohuwar hanyar sauya wannan zuwa wancan ita ce babbar taransifoma ta baƙin ƙarfe da wayar tagulla, sannan a tace, sannan a ƙone rarar ta zama zafi. Irin wannan na'ura takan kai kilo goma ko fiye, kuma kusan rabin wutar da ta sha yakan tafi a banza. Amma ba ta da surutu a gajeren zango, domin babu abin da ke canzawa cikinta da gaggawa.

Dabarar kunna-kashe ta tsaya ne a kan ƙa'ida guda: gwargwadon saurin kai-komon wuta, gwargwadon ƙanƙantar taransifomar da ake buƙata. Saboda haka sai a daddatse wutar da makunni mai saurin gaske, sau dubu ashirin zuwa dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, a wuce da ita ta taransifomar da ba ta fi ƙwan kaza ba. Nauyi ya sauko zuwa kilo biyu, asara ta sauko zuwa kashi goma ko ashirin cikin ɗari.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Rediyon mota na shekarun 1930 yana buƙatar bolt 200 da ɗoriya don kwalabensa, ga shi batirin mota bolt 6 ne. Sai aka yi wani ɗan ƙarfe mai karkarwa wanda ke haɗa wuta yana yankewa wajen sau ɗari a daƙiƙa. Tun a lokacin injiniyoyi suka ga yana cika rediyon da ƙara, suka kulle shi cikin gwangwani, suka kewaye shi da matata. Ba su da zaɓi, tun da mai hayaniyar da mai saurare a akwati ɗaya suke, kuma mai saye ɗaya ne zai dawo da kayan in bai ji daɗi ba. A ganinmu nan ne mabuɗin tarihin gaba ɗaya. Ranar da aka raba mai hayaniya da mai saurare, ya zamana wanda ya sayi na'urar daban, wanda take cutarwa daban, ranar ce kasuwa ta daina kula.

Taransisto, wanda aka ƙirƙira a 1947, shi ya maye gurbin ƙarfen mai karkarwa. A shekarun 1960 aka yi amfani da dabarar a kumbunan sama jannati da jiragen sama, inda kowane giram ke da tsada. Kwamfutar Apple II ta 1977, wadda Rod Holt ya tsara mata na'urar wuta, da IBM PC ta 1981, su suka shigo da ita ɗakunan mutane da yawa. (Akan ji ana cewa Apple ce ta ƙirƙiro dabarar, wannan ba haka ba ne, an daɗe ana sayar da irinta ga masu manyan kwamfutoci.)

To, ina hayaniyar take fitowa? Daga kaifin yankan. Wutar da aka kunna aka kashe farat ɗaya ba kaɗawa guda ba ce, tarin ninke-ninke ne. Alal misali, na'urar da ke yanka sau 50,000 a daƙiƙa tana da ninki a kowane kilohaz 50, kuma ninkinta na 140 yana sauka daidai a kilohaz 7,000. Zangon mita 40 a Afirka da Turai daga 7,000 ne zuwa 7,200, ke nan na'ura ɗaya tak ta dasa ƙaya biyar a cikinsa. Ƙayoyin kuma ba sa zama wuri ɗaya. Idan na'urar ta ɗau zafi ko nauyin aikinta ya canza, sai su riƙa rarrafe sama da ƙasa, kowace da gurnaninta. Daɗin daɗawa, wayoyin gida su ne eriyarsu. Rubu'in tsawon zangon mita 40 mita goma ne, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da waya mai wannan tsawo a bango. Watau dai abin da aka haramta a 1927 ya komo cikin gida da ƙaramin jiki. Masu iya magana suka ce reshe ya juye da mujiya.

4.0 Doka, da wanda aka yi dokar dominsa

Ba za a ce hukumomi sun yi barci ba. Tun 1934 aka kafa kwamitin ƙasashen duniya mai kula da katsalandan na rediyo, wanda aka sani da CISPR. A 1979 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sa iyaka ga abin da kwamfutoci za su fitar, ta raba kaya gida biyu: na masana'antu da ofisoshi, da na gida wanda aka fi tsananta wa. Tarayyar Turai ta yi nata umarnin a 1989, ya zama tilas daga ranar 1 ga Janairu, 1996.

Sai dai idan muka dubi iyakokin da kyau za mu ga wa aka nufa da kariya. Tsakanin megahaz 5 da 30, kayan gida na da iznin zuba hayaniyar da ta kai maikurobolt 1,000 a wayar wuta. Akwatin mai sha'awa kuwa yana iya jin saƙon da bai kai maikurobolt ɗaya ba, kuma abin da shi yake kira saƙo mai ƙarfi maikurobolt 50 ne kawai. Gaskiya ne ba duk abin da ke wayar bango ke isa eriya ba, amma tazarar ta isa ta nuna cewa an auna dokar ne da mai sauraren babbar tashar garinsu. Haka kuma, a galibin kayan gida ba a fara awon abin da na'ura ke watsawa ta iska sai daga megahaz 30 zuwa sama, inda talabijin da FM suke. Har ila yau na'ura ɗaya ake gwadawa a ɗakin gwaji, alhali gida ɗaya yana iya tara ashirin. Na'ura tana iya cika sharaɗin doka sarai, ta kuma kurmantar da maƙwabci.

Abin da ya ƙarasa aikin wata doka ce mai kyakkyawar niyya. Ƙa'idojin tsimin wuta na Amurka, waɗanda suka fara aiki a 2008, da na Turai na 2009, sun sa tsohuwar caja mai nauyi ba ta iya cin jarrabawa, sai mai kunna-kashe ta gaje ta. Ƙwan fitila mai zare shi ma aka fara janye shi daga kasuwar Turai a 2009, waɗanda suka maye gurbinsa kuwa kowanne da 'yar na'urarsa a gindi. Ba mu ga laifin tsimin wuta ba, kuma ba za mu ce a koma baya ba. Amma matatar da ke hana hayaniya fita kuɗi ce, mai saye kuma ba ya ganin amfaninta. Wanda ya taɓa buɗe caja mai araha zai iya tarar da gurbin matatar a zane a jikin allo, an tsallake shi da guntuwar waya.

5.0 A cikin ɗakin mai sha'awa

Abin ban takaici shi ne, shi kansa mai sha'awar ya sayi irin wannan na'ura, don ba ya son ɗaukar kilo goma zuwa daji ko kan dutse. Kamfanin Alinco na Japan ya yi wata mai suna DM-330MV wadda ke da wani maɓalli na musamman: idan ƙayar ta faɗo a kan wanda kake saurare, sai ka murɗa, ta matsa gefe. Ba mu san wata shaida da ta fi wannan maɓalli bayyana inda aka kwana ba. Maƙerin bai yi alkawarin kawar da hayaniya ba, ya dai ba ka ikon tura ta gaba.

Sauran magungunan tsofaffi ne, waɗanda aka koya a rikicin talabijin: akwatin ƙarfe, gajerun wayoyi, haɗi mai kyau da ƙasa, da naɗa waya sau da yawa a zoben ferayit. Shi ferayit ɗin nan, wanda Kato da Takei suka gano a Japan a 1930, shi ne kuma zuciyar ƙaramar taransifomar da ta haddasa fitinar. Wasu sun kai akwatin karɓarsu ƙauye suna saurare ta intanet. Wasu sun bar murya sun koma ga tsarin FT8, wanda Joe Taylor, mai lambar Nobel ta 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017, inda kwamfuta ke tsamo saƙon da kunne ba zai taɓa ji ba daga ƙarƙashin hayaniya. Nasara ce ta ilmi, amma 'yan haruffa ne ake musaya, ba hira ba.

A nan ƙasar Hausa masu lasisi kaɗan ne, amma masu sauraren gajeren zango sun yi yawa tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, kuma zangunansu na maƙwabtaka da na masu sha'awa: mita 41 na jikin mita 40. Cajar waya da fitilar LED da inbata da na'urar cajin batir ta hasken rana duk 'yan gida ɗaya ne da abin da muka bayyana. Mai sauraren ba shi da ƙungiyar da za ta kai ƙara. In ya ji shuu sai ya zargi batir ko ya ce tashar ce ta yi rauni. A da, ɗauke wuta kan share zango tas, har mutum ya kamo tashar da bai taɓa ji ba. Yanzu da an ɗauke sai inbatocin unguwa su tashi. Gwajin da masu sha'awa ke yi kowa na iya yinsa: a sa rediyo a batir, a kashe babban makunnin gida da inbata, a saurara. Idan ƙarar ta ɗauke, sai a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Idan ba ta ɗauke ba, daga gidan maƙwabci take, sai a ɗauki zoben ferayit a je a yi sallama.