Dakata da Bompai: Wa Ke Riƙe da Iko, Wa Ke Riƙe da Kuɗi a Ƙaramar Hukumar Nassarawa

Dakata ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Nassarawa a birnin Kano. Sauran su ne Gama, Gawuna, Giginyu, Gwagwarwa, Hotoro ta Arewa, Hotoro ta Kudu, Kaura Goje, Kawaji, Tudun Murtala da Tudun Wada. Sakatariyar ƙaramar hukumar tana Bompai, unguwar da ta fi kowace daɗewa da masana'antu a Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Nassarawa mutane kusan 600,000, adadin da ya sa ta cikin ƙananan hukumomi mafi cunkoso a jihar. Nauyinta a siyasa ma ba ɓoyayye ba ne: a mazaɓar Gama aka yi turnuƙun da ya fi jan hankali a zaɓen cike gurbi na gwamna ranar 23 ga Maris, 2019, kuma Nasiru Yusuf Gawuna, ɗan takarar gwamna na APC a 2023, ya taɓa shugabantar wannan ƙaramar hukuma.

Manyan unguwannin masana'antun Kano uku ne, kowace a ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma daban. Bompai tana Nassarawa, mazaɓar Sharada tana Birni da Kewaye, Challawa kuwa tana Kumbotso. Dakata ta ginu ne a gefen Bompai, inda gidajen ma'aikata suka cakuɗa da ƙananan masana'antu, musamman na narka roba da leda. Mazaunin irin wannan unguwa yana kwana da ƙarar injina, yana tashi da warin kwata, amma sau tari bai san ofishin da ya kamata ya kai kukansa ba. Amsar tana warwatse ne a tsakanin kundin tsarin mulki, dokokin haraji da wani hukuncin Kotun Ƙoli.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Tsarin da ake kai yanzu ya samo asali daga gyaran 1976, wanda ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi masu fasali iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Yau akwai 774, Kano na da 44, fiye da kowace jiha. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su tafiyar da su, sannan Jadawali na Huɗu ya zayyana ayyukansu. A ciki akwai gina hanyoyin unguwa da kula da su, fitilun titi, magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu da banɗakunan jama'a. Akwai raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da rajistar haihuwa, mutuwa da aure. Ƙaramar hukuma kuma tana da hannu, tare da jiha, a ilimin firamare da kiwon lafiya.

Wanda ya karanta wannan jadawali zai ga cewa kusan duk abin da ke damun ɗan Dakata bayan ɗaukewar damina aikin sakatariyar Bompai ne: kwalbatin da yashi da leda suka toshe, kududdufin da sauro ke haihuwa a ciki, layin da zaizaya ta cinye, bolar da ta tasam ma titi. Sai dai a aikace gwamnatin jiha ta kafa hukumominta a kan yawancin waɗannan ayyuka a cikin birni. REMASAB ce ke da shara, KNUPDA ke ba da izinin gini, KAROTA ke kan titi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, don haka ba kansila ba ne, ba kuma shugaban ƙaramar hukuma ba, ke yanke inda za a kafa masana'anta ko nisanta da gidajen mutane.

Ina kuɗin masana'antu ke zuwa?

Mutane da dama na ɗauka cewa ƙaramar hukumar da ke da Bompai a cikinta dole ta zama attajira. Rabon haraji bai goyi bayan wannan zato ba. Harajin ribar kamfanoni na gwamnatin tarayya ne. Harajin da ake cira daga albashin ma'aikatan masana'anta na jiha ne, haka ma kuɗin ƙasa na filayen birni. Abin da dokar jerin haraji ta 1998 ta bar wa ƙaramar hukuma shi ne irin su kuɗin shaguna da kes-kes, kuɗin gine-gine, na mayanka, na allunan talla da na wasu kasuwanni da tashoshi. Ke nan babban kamfani yana biyan Abuja da gidan gwamnati, mai shayi da mai faci a bakin ƙofarsa ne suka fi sanin rasiɗin ƙaramar hukuma.

Saboda haka ginshiƙin kuɗin Nassarawa, kamar na takwarorinta, kason wata-wata ne daga Asusun Tarayya. A rabon da ake amfani da shi, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Daga harajin kayan masarufi na VAT suna samun kashi 35. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ya ƙaru sosai a lissafin naira tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Matsalar ita ce hanyar da yake bi. Sashe na 162 na kundin ya tanadi Asusun Haɗin Gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke ratsawa. Ana cire albashin malaman firamare da sauran abubuwan da jiha ta tsara, abin da ya rage kuma ba kasafai shugaba ke taɓa shi a kan babban aiki ba sai da sahalewar Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi. Kasafin ƙananan hukumomin 44 ma a gaban Majalisar Dokokin Jiha ake kai shi.

An ga misalin inda wannan tsari ke kaiwa a watan Agustan 2024, lokacin da aka yi zargin cewa an sa dukkan ƙananan hukumomin jihar biyan kamfani guda kuɗin sayen magunguna. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta bincika. Ko mene ne ƙarshen binciken, abin lura shi ne yadda zai yiwu ofisoshi 44, waɗanda doka ta ce kowane na cin gashin kansa, su yi sayayya iri ɗaya a lokaci ɗaya.

Kakar 2024

Ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan gwamnatocin jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta ce naɗa kantomomin riƙo ya saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma ƙaramar hukumar da ba ta da zaɓaɓɓun shugabanni ba ta cancanci a sakar mata kuɗi ba. A lokacin kantomomi ne ke riƙe da ƙananan hukumomin Kano, domin wa'adin waɗanda aka zaɓa a Janairun 2021 ya ƙare a farkon 2024. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya sa jihohi rige-rigen shirya zaɓe kafin ƙarshen Oktoba. Hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, da farko ta sa 30 ga Nuwamba, daga baya ta dawo da shi 26 ga Oktoba.

Tun kafin ranar aka shiga kotu. Kuɗin takarar da hukumar ta fara sanarwa, naira miliyan 10 ga shugaba da miliyan 5 ga kansila, ya jawo ƙara. Kuma ko da babu ƙarar, ya isa ya rufe ƙofa ga matashin da ba shi da ubangida. Ranar 22 ga Oktoba, Mai Shari'a Simon Amobeda na Babbar Kotun Tarayya a Kano ya rushe shugabancin KANSIEC ƙarƙashin Farfesa Sani Lawan Malumfashi, bisa hujjar cewa 'yan jam'iyyar NNPP ne. Babbar Kotun Jiha kuma ta ba da umarnin a ci gaba da zaɓe. 'Yan sanda suka janye jikinsu, APC ta ƙaurace, aka kaɗa ƙuri'a, NNPP ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 ba tare da ta bar ko ɗaya ba. A Nassarawa, Yusuf Imam, wanda aka fi sani da Ogan Ɓoye, ya zama shugaba. A 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin Amobeda bisa cewa Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumin sauraron batun.

Masu ɗora laifin wannan cinye-duka a kan jam'iyya guda suna da gajeren tunani, domin a 2018 da 2021 APC ce ta kwashe dukkan kujerun, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Gwamna ke naɗa hukumar zaɓen, jam'iyyarsa ke tsayar da 'yan takara, kuma shugaban da ya san ta inda kujerarsa ta fito da wuya ya nemi a raba shi da asusun haɗin gwiwa. Biyan kuɗi kai tsaye ma ya yi ta jan ƙafa a matakin ƙasa har cikin 2025, ana ta ce-ce-ku-ce kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE tana ta kokawa.

Ruwan da ba shi da iyaka

Babu batun da ya fi nuna raunin wannan tsari kamar dagwalon masana'antu. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai a Minjibir. Na Sharada da Challawa, inda majemu suka fi yawa, yana shiga Salanta da kogin Challawa. Binciken masana a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i ya sha nuna sinadarai masu guba irin su dalma da kuromiyam, wanda ake jima da shi, a waɗannan ruwaye. Da kaka ta yi, ruwan sama mai surka su ya ɗauke, masu lambu a bakin Getsi da Jakara kuma suka fara ban ruwan latas, alayyafo da karas waɗanda ke ƙarewa a kasuwannin birni. Ikon hukunta masana'anta yana hannun Ma'aikatar Muhalli ta jiha da hukumar NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007. Ƙaramar hukuma ba za ta rufe majema ba, amma asibitin sha-ka-tafi na unguwa ne ke fara karɓar wanda ruwan ya kwantar.

Duk da haka, ɗan unguwa yana da abin kamawa. Ofishin Akanta Janar na Tarayya yana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma na wata-wata, har da Nassarawa, Kumbotso da Birni da Kewaye, don haka ana iya ɗora shi a kan ayyukan da aka gani a ƙasa. Ƙa'idar hukumar NFIU ta 2019 ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa buƙata a rubuce, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi. Wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi a Kano shekara 3 ne, wato kansilan Dakata da shugabansa na Bompai da aka zaɓa a Oktoban 2024 za su kai ƙarshen nasu a kakar 2027.