Ƙofar Mata da tarihin sauƙin zama a birni

Duk sanda aka ambaci Ƙofar Mata, marina ce ke fara zuwa mana a rai, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma wurin yana da wani tarihin da ba mu cika rubutawa ba, wato yadda talaka ya iya zama a birni ba tare da aljihunsa ya ƙone ba.

Rumfa ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ganuwar kuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da gonaki da filaye masu yawa a cikin badala. Mai son gini ƙasa zai haƙa kusa da gida, ya yi tubali, ya rufe da azara. Ramin da ya bari ya zama kududdufi, ya riƙa shanye ruwan damina. Marini yana tashi daga gida ya taka zuwa karofi, ya taka zuwa Kurmi ya sayar. Kayan gini a kusa, sana'a a kusa, kasuwa a kusa: kuɗin mota bai shiga lissafinsa ba.

Mataki na biyu ya zo a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A 1931 aka buɗe aikin ruwa da lantarki na Kano, wanda En'e ta yi da kuɗin Baitulmali. Aka jawo ruwa daga Challawa zuwa tankin Goron Dutse, daga nan ya gangaro famfunan unguwanni. Asibitin birni, wanda muke kira Asibitin Murtala a yau, shi ma a gefen Ƙofar Mata yake. Haraji ne aka tara wuri guda aka sayi abin da gida ɗaya ba zai iya saya ba.

Daga baya birni ya fi ƙarfin tsarinsa. An gina madatsar Tiga a zamanin Audu Baƙo, an yi rukunin gidajen Kundila, daga baya aka yi Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Sai dai jama'a ta fi bututu saurin yaɗuwa. Aka cike kududdufai aka yi gini, ruwan sama ya rasa wurin zuwa. Magada suka rarraba gidajen gado, wasu suka sayar suka koma Sheka ko Ɗorayi ko Kurna. Haya ta ɗan yi sauƙi a can, amma abin da aka rage sai ya tafi wajen mai adaidaita sahu da ɗan garuwa. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara fito da wannan ciwo fili.

Abin da tarihin ke nuna mana shi ne, arhar gida ba a kuɗin haya kaɗai take ba. Gidan da babu famfo, babu magudanar ruwa, kuma yake nesa da wurin neman abinci, mai tsada ne ko nawa aka ba da shi.

Mu masu koyon rubutu, a nan akwai aiki. Dattawan da suka ɗebi ruwa a famfon unguwa, suka san inda kowane kududdufi yake kafin a cike shi, suna nan a zaurukan cikin gari, kuma kullum raguwa suke. Mu je mu gaishe su, mu tambaya, mu rubuta.