'Yan Kamashon Kabukicho: Yadda Tarkonsu Yake Aiki

Kabukicho, a gundumar Shinjuku ta birnin Tokiyo, ita ce unguwar shaƙatawar dare mafi suna a Japan. Ƙasar ta shahara da zaman lafiya, kuma wannan shaharar ce ke sa baƙo sakin jiki a inda bai kamata ba.

Tsarin ginin unguwar ne ya raya sana'ar 'yan kamasho. Mashaya da gidajen abinci hawa-hawa suke cikin siraran benaye, mai shago a hawa na shida ba shi da ƙofar da mai wucewa zai leƙa. Sai ya ajiye mutum a titi, yana biyansa kamasho a kan duk wanda ya kawo, kamar dai a tashar mota. Kuɗin nan kuwa daga aljihun baƙo zai fito. A titi za a ce masa, misali, yen 3,000, ya ci ya sha son ransa. Idan takardar biya ta zo, sai ya tarar an lissafa kuɗin kujera, da na hidima, da na duk abin da ma'aikaciyar da ta zauna kusa da shi ta sha, ga wani ƙato tsaye a bakin ƙofa.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Tokiyo ta kafa dokar hana irin wannan cuta a 2000, Shinjuku ta haramta tare mutane a titi a 2013, ta ƙara tarar da ta kai yen 50,000 a 2016. A 2009 ofishin jakadancin Amurka ya gargaɗi 'yan ƙasarsa kan unguwar Roppongi, ita ma a Tokiyo, inda ake zuba wa mutum magani a abin sha, a kwashe kuɗin katinsa. Sai dai a ganina raunin yana wuri guda: cinikin titi na fatar baki ne, babu shaida, shi ya sa 'yan sanda sukan ɗauke shi a matsayin saɓanin farashi tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Akwai 'yan Afirka cikin masu wannan aiki na kamasho, har da 'yan Najeriya. Ɗan Kano ko Yamai zai ji an kira shi ɗan'uwa cikin fara'a, kewar gida ta sa ya tsaya. Abin takaici, kamashon da za a karɓa a kansa bai ragu da ko sisi ba.

Kariya ta gaskiya ita ce kada a tsaya, kada a amsa. Wanda ya riga ya shiga kuwa, kada ya miƙa kati ko ya yarda a raka shi cirar kuɗi. Ya kira 110, ya dage a tafi koban, ƙaramin ofishin 'yan sandan unguwa, a yi lissafin a gabansu.