Rigar soso ko rigar iska? Tarihin rigar ceto da zaɓin mai tuƙa kayak

1/ Zaren yau na ruwa ne 🧵 Masu tuƙa kayak a teku na yawan muhawara: rigar ceto ta soso za a sa, ko wadda ake hura wa iska? Ni dai a ganina tarihi ya riga ya raba gardamar. Ku biyo ni.

2/ Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne na mutum ɗaya. Asalinsa na Inuwit ne da maƙwabtansu, mutanen yankin ƙanƙara na Girinlan, Kanada da Alaska. Da fatar dabbobin teku suke yin sa, su fita farauta. In ya kife, mafarauci ya juyo da shi da filafili yana zaune a ciki. Wato kifewa ba baƙon abu ba ne a kayak. Ku riƙe wannan.

3/ Ita kuwa rigar ceto irin ta zamani a Birtaniya ta samo tushe. A 1854 Kyaftin Ward na ƙungiyar ceto ta RNLI ya ɗinka guntayen ɓawon kok, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, a jikin riga.

4/ Fabrairun 1861, jirgin ceto ya kife a garin Whitby da mutum 13. Sha biyu suka rasu. Henry Freeman kaɗai ya fita, kuma shi kaɗai ne ke sanye da sabuwar rigar.

5/ Amma riga ba laya ba ce. Ranar 15 ga Yunin 1904 jirgin General Slocum ya kama da wuta a New York, sama da mutum 1,000 suka mutu, yawancinsu mata da yara. Rigunan suna nan rataye, sai dai sun shekara da shekaru ba a kula da su ba. Ɓawon ya ruɓe ya zama gari.

6/ Daga nan aka koma wa abin da kowa ya sani a nan gida: audugar rimi. E, wadda ake cusa wa matashi! Zarenta na da rami a ciki mai riƙe iska, ga maiƙo da ke korar ruwa. Daga tsibirin Java aka fi kai ta kasuwannin duniya. Matsalarta, in an danne ta ko mai ya jiƙa ta, ƙarfinta ya tafi.

7/ A 1928 Peter Markus a Amurka ya yi rajistar riga mai hurawa. Matuƙan jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu suka laƙaba mata Mae West. Ta dace da su: ba ta cika wuri, kuma faɗawa teku abu ne na sau ɗaya.

8/ A lokacin yaƙin ne wani likita, Edgar Pask, ya sa aka yi masa maganin sa barci aka jefa shi ruwa, don a ga wace riga ke juyo da fuskar sumamme sama. Wallahi akwai masu ƙarfin hali a duniya.

9/ Wajen shekarun 1960 soson roba ya shigo. Ba soson katifa ba fa, wannan ƙofofinsa a rufe suke, ba ya shan ruwa. Ita mai hurawa sai 1996 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta amince da ita ga masu yawon shaƙatawa, kuma ban da 'yan ƙasa da shekara 16.

10/ To ga lissafin. Rigar soso ta kayak na ɗaga nauyin kusan kilo 5 a ruwa, ta iska kusan kilo 15. Ta iska ta fi ƙarfi, ba ta da zafi, kuma tana iya juyo da fuskarka sama. Ta soso yawanci ba ta yin hakan.

11/ Amma ta iska sai ta tashi tukuna. Mai igiya, kai za ka ja, alhali ruwan sanyi ya shaƙe ka. Mai tashi da kanta kuma, daga kifewar farko ta kumbura, ta tokare maka ƙirji lokacin da kake son hawowa kan kayak. Sannan sai an sa sabuwar 'yar tukunyar gas. Ba ka duba ta ba? Labarin Slocum ke nan.

12/ Ta soso tana aiki tun kana bakin gaɓa. Ka kife sau goma, tana nan yadda take, har ɗumi take ba ka.

13/ Shi ya sa ni ta soso zan zaɓa wa kayak, musamman ga sabon shiga ko wanda bai iya iyo ba. Ta iska ta fi dacewa da babban jirgi inda faɗawa ruwa tsautsayi ne.

14/ Mu kuma nan ba mu kai ga wannan zaɓin ba ma. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka nutse a yankin Patigi, jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu. In za ku hau kwale-kwale, ku nemi riga, ku duba ɗinkinta, ku ɗaure ta tamau kafin a tashi.