Amsar Wasiƙa Daga Bomo: Soja Ne Ya Koya Mana Son Jif?

Wasiƙar da muka zaɓo wannan mako ta fito daga Bomo, kusa da Samaru, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari ta Zariya. Mai wasiƙar manomi ne, yana kuma taɓa fataucin masara da tumatir. Ya roƙi a sakaya sunansa don maganar ta shafi cikin gida. Ya ce mahaifinsa tsohon soja ne, direba, ya yi yaƙin basasa, kuma har ya bar duniya ba ya ganin wata mota da gashi in ba Land Rover ba. Bana Allah Ya yi wa gona albarka, an yi masa tayin wata tsohuwar Land Rover, zuciyarsa ta kwanta da ita, amma yayansa ya ce atafau sai dai a sayi akori-kura. Shi ne yake tambaya, shin aikin soja da kishin ƙasa ne ke sa mutum ƙaunar irin waɗannan motoci masu ratsa daji, ko kuwa wani abu ne dabam?

To Malam, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Tambayar taka biyu ce ka haɗa wuri ɗaya, aikin soja dabam, kishin ƙasa dabam. Sai mun koma baya kaɗan kafin mu raba su.

Ita dai jif 'yar yaƙi ce tun haihuwarta. A cikin 1940, Hitila yana cin Turai da yaƙi, rundunar sojan Amurka ta aika wa kamfanoni 135 takarda cewa tana son ƙaramar mota mara nauyi, wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja, kuma a kawo samfur cikin kwana 49. Kamfanoni biyu kaɗai suka amsa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bantam shi ya cika wa'adi, amma da aka zo ƙera ta da yawa sai aka ba Willys da Ford, don su ke da manyan masana'antu. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 sun ƙera wajen 640,000. Da ita aka ɗauki manyan hafsoshi, da ita aka ja bindiga, da ita kuma aka kwaso waɗanda suka ji rauni. Sojan da jif ta fitar da shi daga bakin daga yana jina-jina, ai ka san ba zai manta da ita ba.

Da aka gama yaƙi sai Willys ya juya ga manoma irinka. Ya fito da jif ta farar hula a 1945, ana ɗaura mata garma, tana kuma juya injin ban ruwa ko na casa. Land Rover ma a gona aka haife ta. Babban injiniyan kamfanin Rover na Ingila, Maurice Wilks, yana da tsohuwar jif ta soja a gonarsa, sai ya ce bari su yi tasu. Samfurin farko a kan ƙarfen jif aka ɗora shi, sitiyari a tsakiya kamar na tarakta. An nuna ta ga duniya a birnin Amsterdam cikin watan Afrilu na 1948. Saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi aka yi jikinta da alminiyam, shi ya sa har yau za ka ga tsohuwa ta lotse ta ko'ina amma jikin bai yi tsatsa ba. Sojan Ingila daga baya suka shiga saye. Japanawa kuwa a 1951, lokacin yaƙin Koriya, Toyota ta ƙera tata don neman kwangilar jami'an tsaro, ba ta samu ba, a 1954 ta sa mata suna Land Cruiser.

A Amurka, maganar kishin ƙasa gaskiya ce. Su suka ƙera, 'ya'yansu suka hau, suka ci yaƙi da ita. Kamfanin Jeep bai yi sake da wannan ba: yakan rubuta shekarar 1941 a jikin motocinsa, wasu ma ya manna musu tauraro irin na motar soja. Wani kamfanin binciken kasuwa mai suna Brand Keys ya yi shekara fiye da 20 yana tambayar Amurkawa wace haja ce ta fi nuna kishin ƙasa, kullum Jeep ke zuwa ta ɗaya. Haka aka yi da Hummer. Mutane sun ga motar soja a talabijin lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, a 1992 aka fara sayar wa farar hula irinta. Mu nan sunan kawai ya iso mana da yawa, muka laƙaba wa bas ɗin Toyota ta haya, muka ce Homa.

Yanzu mu dawo gida. Kai da ke Bomo ba sai an gaya maka Zariya garin soja ba ce. Ga barikin Basawa a maƙwabtanka, inda makarantar 'yan sandan soja take. Ga Dafo, inda ake horar da kurata tun 1924. Ga makarantar yara ta soja da aka buɗe a 1954. Barikin da Dafo take ciki ana ce masa Chindit, kuma sunan daga yaƙin Bama ya zo. Chindit wata runduna ce ta Janar Wingate da ake saukewa a bayan abokan gaba cikin kurmi, kuma a 1944 bataliya uku ta sojan Nijeriya sun yi yaƙi a cikinta. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna su ma sunayen wuraren da aka gwabza ne a can.

Amma fa kada ka ɗauka kakanninmu a cikin jif suka yi wannan yaƙi. Rundunar Chindit ƙafa da alfadarai ta dogara da su, abinci kuwa jirgin sama ke jefowa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma kuwa, abin da ya sa Turawa suka tura su cikin duwatsu shi ne suna da dubban 'yan dako masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, suna bin inda mota ba ta bi. A ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944 sojojin runduna ta 81 suka sare daji da adda da diga da shebur, suka fitar da hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70 zuwa kwarin kogin Kaladan. Wato su suka yi wa jif hanya, Bature ya fi hawanta. Tun kafin nan, a 1941, sojan Nijeriya sun yi tafiyar nan mai nisa daga Mogadishu zuwa Harar ta ƙasar Habasha suna korar Italiyawa, amma a manyan motoci suka yi ta, don a lokacin jif ba ta yaɗu ba tukuna.

Abin da soja ya dawo da shi gida sana'a ce. Dubban samari da suka bar ƙauye ba su taɓa riƙe sitiyari ba sun dawo direbobi da makanikai, da yawa suka faɗa tuƙin manyan motocin gyaɗa da auduga. Haka ta sake faruwa a zamanin Baba. Kafin yaƙin basasa na 1967 sojan Nijeriya wajen 10,000 ne, amma da aka gama a 1970 sun kai kusan 250,000, kuma Land Rover tana cikin motocin da aka fi aiki da su. Wanda ya kwana ƙarƙashinta, ya san kukan injinta, ya ɗaure ta da waya a daji ta kai shi gida, dole ya yarda da ita. Sabo ne da amana, irin na mahayi da dokinsa. Ta wannan fuska kam aikin soja yana sa son mota, ba shakka.

Sai dai yawancin mutanen karkara ba a hannun soja suka fara ganin Land Rover ba. Motar hukuma ce. Di'o ya bar doki ya koma cikinta yana rangadi. 'Yan doka da masu karɓar jangali da ita suke shiga rugage. Malaman dabbobi da suka fara gangamin allurar ciwon bushiya a 1962 da irinta suke ratsa daji. Ku kuwa mutanen Bomo kun fi kowa ganinta, don tashar binciken noma ta Samaru tana nan tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma malaman gona da ita suke kai iri da taki gonakin gwaji. Daga 1966, da soja suka karɓi mulki, sai ta ƙara wani kwarjini, wanda ba duka ne mai daɗi ba. Dattawa za su gaya maka in aka ga Land Rover ta tsaya a ƙofar gida da asuba, gaban mai gida faɗuwa yake yi. Yaron da ya tashi yana ganin duk mai iko a irin wannan mota yake, in ya yi kuɗi me kake tsammani zai saya? Shi ya sa yau kowace doguwar mota jif muke ce mata, ko Toyota ce ko Lexus, kuma yawancin masu ita ba su taɓa sa kaki ba, motar ma ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Wannan son girma ne, kuma ba laifi ba ne, amma a kira shi da sunansa.

In kishin ƙasa kake nema a tarihin mota a Nijeriya, sai ka duba Kakuri a Kaduna. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a can, gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo kuma ta sa manyan ma'aikata su bar manyan motoci su shiga Fijo. An harhaɗa Land Rover ma a Ibadan daga ƙarshen shekarun 1970, amma ba ta shiga ran jama'a a matsayin tamu ba kamar Fijo. Kuma ka tambayi tsofaffin direbobin hanyar Giwa da Funtuwa wace mota ce ta fi kwaso buhuna daga ƙauye, za su ce maka akori-kura 404 da 504, alhali ƙafa biyu kaɗai ke ja a cikinsu. Bayan karyewar naira daga 1986 kuwa, kowa ya koma motocin Kwatano, ba mai tambayar tutar ƙasar da aka ƙera su.

Soja kansa ba ya auren mota. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum cikin akori-kura na Toyota, har aka sa wa yaƙin suna yaƙin Toyota. Sojanmu ma yau Hilux da Land Cruiser ka fi ganinsu a ciki. Su kamfanonin kuwa sun daɗe da sauya hannu. Tun 2008 Land Rover ta koma hannun kamfanin Tata na Indiya, ƙasar da Ingila ta yi wa mulkin mallaka. Jeep ɗin da Amurkawa ke tinƙaho da ita, tun 2021 uwar ɗakinsu ɗaya da Fijo, wato kamfanin Stellantis mai hedikwata a Holan.

Saura maganar kuɗinka. Ba mu ga motar ba, saboda haka ba za mu ce saya ko bari ba. Amma ka sani an daina ƙera irin Land Rover ɗin da Baba ya sani tun watan Janairu na 2016. Wadda ta gaje ta cike take da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ta makanikin bakin hanya ba ce. Kafin ka ba da ko sisi, ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi kuɗin kayan gyaranta, ka tambayi na akori-kura, ka kwatanta. Kada jikin alminiyam ya ruɗe ka, ƙarfen da ke ƙasa wanda aka ɗora jikin a kai shi ke cin tsatsa, sai makaniki ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa. A gwada ƙaramar giyar nan mai sa ƙafafu huɗu su ja, don in ta mutu to motar ta rasa abin da ake sayenta dominsa. Sannan ku zauna da Yaya ku lissafa: buhu nawa kowace ke ɗauka, man nawa take sha daga gona zuwa kasuwar Sabon Gari, kuma kwana nawa a shekara hanyar fadamarku ke hana mota wucewa. In wata biyu ne na tsakiyar damina, lokacin da masara ba ta ma nuna ba, lissafin Yaya ya fi ƙarfi. In kuwa kayan lambu kake fitarwa ta cikin taɓo da yashi rabin shekara, to kana da hujjar da za ka kai masa wadda ba ta tuna Baba ba ce kaɗai.

In takardun sallamar Baba suna nan a gida, duba lambar bataliyarsa ka rubuto mana, ma ba ka labarin inda ta yi yaƙi a wani makon.