Nasarar da aka zana a rufin Versailles

A fadar Versailles da ke kusa da birnin Paris akwai wani zaure mai tsawon mita 73, wanda aka jera madubai 357 a bangonsa. Madubai ne suka ba shi suna, amma saƙonsa na siyasa yana can sama, a zane-zanen da Charles Le Brun ya kammala a rufinsa a shekarar 1684 domin Sarki Louis na 14.

Masu zane na zamanin baroque suna da wani harshe na alamu da masu ilimin Turai suka sani, wanda Cesare Ripa ya tattara a littafinsa Iconologia a 1593. Nasara mace ce mai fukafukai, riƙe da reshen dabino da kambin ganye. Shahara kuwa tana busa kakaki. Ƙasashe ma akan ba su siffa: Jamus da gaggafa, Sifaniya da zaki.

Da wannan harshe Le Brun ya ba da labarin yaƙin Faransa da Holan. A zanen ƙetare kogin Rhine na 1672, sarki yana kan keken doki, tsawa a hannunsa irin ta Jupiter, gwarzo Hercules yana tura keken. Kogin kansa an mai da shi tsoho wanda firgici ya sa ya saki abin tuƙinsa. Da farko an tsara a cika rufin da labarin Hercules, daga baya aka yanke shawarar a sa sarki da fuskarsa a tsakiyar alloli. Manufar ita ce a cire nasarar daga cikin al'amuran yau da gobe, a nuna ta kamar hukunci ne da ba ya sauyawa.

Sai dai waɗanda aka zana a ƙarƙashin ƙafa su ma sun iya karanta alamun. A ranar 18 ga Janairun 1871, bayan Prussia ta murƙushe sojojin Faransa, a wannan zauren aka ayyana Wilhelm na 1 a matsayin sarkin daular Jamus. Faransa ta rama a ranar 28 ga Yunin 1919, lokacin da wakilan Jamus suka sa hannu a yarjejeniyar Versailles ƙarƙashin rufin nan dai. Shekara 21 bayan haka, a watan Yunin 1940, sojojin Jamus suka shiga Paris.